Yadda ake tsare canjaras a ƙarshen wasan chess idan an fi ka da soja ɗaya

A watan Nuwamba na 2018 a Landan, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun buga wasanni 12 na gasar duniya, duka aka tashi canjaras. Na farkon ma sai da ya kai motsi 115. Caruana ya rasa soja ɗaya, wato ɗan wasa mafi ƙanƙanta a allo, wasan ya koma na ruk (ɗan da ke kama da hasumiya) da sojoji, amma ya ƙi faɗuwa. Irin wannan tsaro koyonsa ake yi, kuma mafarinsa dabarar da wani gwanin chess Bafaranshe mai suna Philidor ya bayyana tun 1777.

Ɗauko allonka ka jera. Kowane gida yana da suna: harafi (a zuwa h) yana nuna layin tsaye, lamba (1 zuwa 8, daga ɓangaren fari) tana nuna layin kwance. Kai ne baƙi: sarkinka a e8, ruk ɗinka a a6. Fari yana da sarki a d5, soja a e5, ruk a h7.

Da farko, sarkinka ya tsaya a gaban sojan, kada ya bar wajen.

Sai ka ajiye ruk a layi na shida, ka riƙa kai da komowa tsakanin a6 da b6. Wannan layin katanga ne, sarkin fari ba shi da ikon taka shi. Ka kula kada ka matsa zuwa c6, domin sarkin zai cinye ruk ɗin a banza. A nan ake buƙatar haƙuri, don hannu yakan yi ƙaiƙayin motsa wani abu, ni kuwa na sha asarar wasa saboda wannan gaggawar.

Idan fari ya gaji ya tura sojan zuwa e6, to lokaci ya yi. Nan take ka sauko da ruk ɗin can ƙasa, a1 (ko b1 idan yana b6). Dalili kuwa, gidan e6 ne mafakar sarkinsa, ga shi sojansa ya cike shi. Ya shiga d6 yana neman kashe ka da ruk a h8, ka buga masa cek, wato hari kan sarki, daga d1. Ya koma e5, ka bi shi daga e1. Ya je f6, kana f1. Ba shi da wurin ɓuya.

Kada ka maƙale ruk a layi na takwas kusa da sarkinka, haka ake faɗuwa. Idan matsayi ɗaya ya maimaitu sau uku, ka tsayar da agogo ka kira alƙalin wasa ka nemi canjaras.