Yadda ake horar da jiki kada amai ya kama mutum a sararin samaniya

Asalin matsalar rigima ce tsakanin ido da cikin kunne. Cikin kunne ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina sama ina ƙasa, to da an fita inda babu nauyi sai ya rikice, ido na faɗin wani abu shi yana faɗin wani, kafin ka ankara zuciya ta fara tashi. Ɗan sama jannati Gherman Titov na Tarayyar Sobiyet ne ya fara yin amai a can a 1961, kuma har yau akasarin masu zuwa sai sun ɗanɗana a kwana 2 zuwa 3 na farko. Akwai allurar promethazine amma tana sa barci, shi kuwa ɗan sama jannati ai ba gyangyaɗi ya je yi ba.

Shi ya sa Patricia Cowings ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ɓullo da horo na awa 6 kacal, zama 12, kowanne minti 30. 'Yar sama jannati Mae Jemison ma ta gwada shi a tafiyarta ta 1992.

Ga yadda horon yake: ka zauna shiru, a maƙala maka na'ura mai nuna bugun zuciya, zufa da ɗumin yatsa. Ka riƙa jan numfashi a hankali daga ciki ba daga ƙirji ba, kana maimaitawa a ranka "hannuna ya yi nauyi, hannuna ya yi ɗumi", idonka na kan lambar da na'urar ke nunawa a allo, za ka ga tana sauka. Kar ka tsaya a saukarwa kawai fa, ka koyi ɗaga ta ma da gangan sannan ka dawo da ita, don wanda bai iya hawa da sauka ba bai riƙe linzamin ba tukuna. In hannu ya faɗa sai a kashe allon ka yi da ka.

Daga nan sai kujera mai juyawa, ido a rufe, kana sunkuyar da kai gaba da gefe. Nan ne wahalar take wallahi. Yawu zai taru a baki, zufa mai sanyi ta feso a goshi, hamma ta zo, to a daidai nan za ka fara numfashin, ba sai amai ya iso maƙogwaro ba. In ya fi ƙarfinka ka ce a tsayar, gobe ma rana ce. Kar ka yi wannan kai kaɗai.

In an isa can kuwa, kwanakin farko kar ka riƙa fizgar kai, in za ka waiga ka juya da jikinka duka, ka zaɓi bango ɗaya ka ce shi ne ƙasa.