Darasi na Tara: Bankin da Ake Ajiye Tabarma

A karanta da ƙarfi

Vanuatu ƙasa ce ta tsibirai kimanin 80 a tekun Pasifik, gabas da Ostireliya. Ta sami 'yancin kai daga Ingila da Faransa a 1980. Mutanenta ba su wuce dubu ɗari uku da 'yan kai ba. Sunan kuɗinta vatu, babban birninta Port Vila.

Yawancin mutanen ƙasar a ƙauye suke. Suna noman doya da gwaza da ayaba, suna kamun kifi, suna da kwakwa. Abinci akwai, sai dai vatu na wuyar samu, don kuɗin takarda a birni yake taruwa. Sai ka ga magidanci da gona cike da doya, amma kuɗin makarantar yaro ya gagare shi. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san irin wannan ƙunci: ga kaya a hannu, ga mai so, babu abin da za a miƙa.

Abin da mutanen Pentecost suka yi

A arewacin Pentecost, ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar, akwai wata ƙungiyar gargajiya mai suna Turaga, ƙarƙashin wani basarake, Viraleo Boborenvanua. Su ne suka kafa bankin Tangbunia. Sunan ya samo asali daga manyan kwandunan da kakanninsu ke adana dukiya a ciki. Abin da ake kaiwa ajiya shi ne jar tabarma, da ƙwaryar dabbobin teku, da hauren alade.

Kada batun alade ya ɗauke mana hankali daga darasin. Mu ba ma kiwonsa, amma a wurinsu matsayinsa kamar na saniya ne a wurin makiyayi, har hoton haurensa yana jikin tutar ƙasar. Sukan cire wa dabbar haƙoran sama tun tana ƙarama, sai na ƙasa su yi ta tsawo suna lanƙwashewa har su zama zobe. Shekaru ake yi ana ciyarwa kafin a kai ga haka, shi ya sa hauren ke da daraja. Tabarmar kuwa mata ne ke saƙa ta da ganyen wata bishiya, su rina ta ja. Da ita ake aure, da ita ake zaman makoki, da ita ake sulhu idan an yi rikici.

Mace ta kawo tabarmarta, ma'aikacin banki ya duba saƙar da tsawonta, ya ƙiyasta darajarta, ya rubuta a littafi da sunan matar. Ma'aunin da suke lissafi da shi sunansa livatu, wato darajar haure ɗaya da ya zagaye cif. Daga nan tana iya biyan wani daga cikin ajiyarta ba tare da vatu ya shiga tsakani ba. Har rubutun da ake cika littattafan da shi nasu ne, ana kiransa Avoiuli. Gwamnatin Vanuatu ma ta ware 2007 a matsayin shekarar tattalin arzikin gargajiya, kuma wasu makarantu sun riƙa karɓar tabarma da amfanin gona a madadin kuɗin makaranta.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne aikin tsohuwar da ke saƙa a tsakar gida ya shiga littafi, an san adadinsa. A da ana ce mata matalauciya don ba ta da vatu, alhali hannunta bai taɓa hutawa ba.

Inda yake tsayawa

Irin wannan kuɗi iyakarsa inda aka yarda da shi. Jirgin ruwan da ya kawo shinkafa da fetur da kwanon rufi ba zai karɓi tabarma ba, dole a nemi vatu. Sannan komai ya rataya ne a wuyan mai riƙe da littafi. In ya rubuta wa ɗan uwansa abin da bai ajiye ba, ko ruwa ya ci littafin (kuma ƙasar mai yawan guguwa ce, ta Maris 2015 ta yi mata mummunar ɓarna), to dukiyar jama'a ta shiga haɗari. Duk 'yar adashe ta san haka, shi ya sa ake duba halin uwar adashe kafin a fara zubi.

Mu ma mun taɓa cin kasuwa da kuɗin tsibiri. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi da sauran kasuwanni, akasarinsa daga tsibiran Maldives na tekun Indiya aka kawo shi.

Aikin lissafi

Waɗannan alƙaluma na gwaji ne kawai. A ce mutanen wani ƙauye sun yarda babbar tabarma maki 10 ce, ƙarama maki 4, kwandon doya maki 3. Wata mata ta ajiye manya 2 da ƙanana 3. Nawa za a rubuta mata? Ta biya wa 'yarta makaranta maki 15, ta karɓi kwandon doya 2. Nawa ya rage a shafinta?

Kowa ya ja layi uku a littafinsa, ya rubuta a samansu: abin da aka ajiye, abin da aka cire, abin da ya rage. In an gama, ka ba na kusa da kai ya duba, kai ma ka duba nasa.

Mu tattauna

Wane abu ake yi da hannu a garinku wanda kowa zai yarda ya karɓa a biyan bashi? Wa za ku damƙa wa littafin, kuma mutum nawa ya kamata su shaida kafin a rubuta? A zo da amsa a rubuce ranar darasi na gaba.