Yadda ake haɗa altaneta a tsohuwar tarakta mai dainamo

Duk wanda ya taɓa riƙe Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, ya san halin dainamonta, wato na'urar da ke caja batir. Dainamon Lucas da ke kan irin waɗannan taraktoci ƙarfinsa kaɗan ne, shi ma sai inji ya ɗau zafin gudu. Idan tarakta na tafiya a hankali cikin gona, kusan babu abin da ke shiga batir. Shi ya sa za ka ga da safe ana neman gangara ko majiya ƙarfi su tura, ga damina ta kankama, ga masu gona na jiran huɗa. Altaneta kuwa, wadda ita ma caja batir ne aikinta, tana caji tun inji na ƙaramin gudu, kuma haɗa ta bai kai yadda ake tsoronsa ba.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, leƙa batir ka ga wane kai ne aka ɗaure da jikin tarakta. Wasu tsofaffin taraktocin Ingila kan mai alamar + ne ke jikin ƙarfe. Altanetar da ake samu a kasuwa kuwa kan mai alamar − take so a jiki. Ka haɗa ta a juye, nan take diyod ɗin cikinta za su ƙone, kuɗinka ya bi ruwa. In taka a juye take, sai ka sauya wayoyin batir, ka kuma sauya wayoyi biyun da ke bayan agogon caji don kada allurarsa ta riƙa nuna akasi. Sitata yawanci ba ruwanta da wannan sauyi.

Yanzu cire wayar batir ta jikin ƙarfe, ka ajiye ta nesa da kan batir. Kwance dainamo, ka ɗaura altaneta. Ƙarfen da ke riƙe da dainamo ba lallai ya dace ba, wataƙila sai mai walda ya gyara shi. Abin lura shi ne fulin altaneta ya yi layi ɗaya da na inji da na fanka. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskokinsu ka gani. Ja fambel har ya zama in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa bai nutse fiye da santimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Masu Ford 4000 da 5000 su sani, wayar agogon gudun inji a bayan dainamo take, don haka sai su nemi altaneta mai wannan mazauni.

Tsohon akwatin ragileta, mai daidaita caji, ya gama aiki, domin altaneta irin Lucas ACR da nata a ciki. Wayoyin D da F da suka zo daga dainamo ka cire su. Na A da A1 kuwa, in akwatinka na da su duka biyu, ka haɗe su wuri ɗaya ka naɗe da kyau, don ta nan wuta ke zuwa makulli da fitilu.

Sai babbar waya. Daga babban kan altaneta, wanda aka rubuta B+ ko BAT ko + kawai, ja waya mai kaurin milimita sikwaya 6 zuwa babban notin sitata inda wayar batir ta sauka. Sa fis a kusa da sitatar, wanda ya ɗan ɗara ƙarfin altanetar. Mai amfiya 45 fis na 60 ya ishe ta. Kada ka yi rowa ka yi amfani da tsohuwar wayar dainamo, siririya ce, za ta yi zafi. Idan ka bi ta wannan hanya agogon caji ba zai nuna cajin ba, ni dai na fi son a sa agogon volt a madadinsa.

Ƙaramar wayar ita ce inda yawancin mutane ke tuntuɓe. Altaneta ba ta fara ba da wuta sai an ɗan ɗanɗana mata wuta tukuna, kuma ta ƙwan jar fitilar gaban direba wannan wuta ke bi. Ɗauko wuta daga makulli, inda take zuwa sai an murɗa, ka shigar da ita ƙafa ɗaya ta ƙwan, ɗaya ƙafar kuma ta tafi ƙaramin kan altaneta: IND a Lucas, D+ a Bosch, lamba 1 a Delco 10SI. Ƙwan ya zama na gargajiya mai zare, kamar wat 2, kuma mazauninsa kada ya taɓa ƙarfe. Ƙwan LED ba ya jan wutar da za ta tayar da ita. Na taɓa ganin wanda ya mayar da sabuwar altaneta shago har sau biyu yana faɗa, ashe ƙwan ne ya mutu. Mai Delco yana da ƙarin aiki ɗaya: ya haɗa lamba 2 da BAT, ta nan take auna ƙarfin batir.

Altaneta ta jikinta take komawa ƙarfe, saboda haka kankare fenti da tsatsa a inda ta zauna.

Mayar da wayar batir, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Jar fitila ta kama. Tayar da inji, ka ɗan ƙara mai, fitilar ta mutu. Ɗora mita a kan batir: a kashe, cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, koma kan ƙwan da fambel. In ya haura 15, ragileta ce ta lalace, za ta dafa batir.

Akwai gwajin da wasu masu rewaya suka saba da shi tun zamanin dainamo, wato zare kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. Kada ka bari a yi wa altaneta haka, wutar da za ta yi tsalle tana kashe ragileta da diyod. Haka ma ranar da za a yi walda a jikin tarakta ko garmar da ke rataye da ita, cire kan batir da wayoyin altaneta tukuna.