Darasi na Bakwai: Aikin Hannu Mai Arha da Ake Yi a Ƙaramin Wuri

A tsofaffin unguwannin Damagaram irin su Birni da Zango, inda gidaje suka matsu da juna, magidanta da yawa suna zaune da iyalinsu a ɗaki ɗaya ko biyu, tsakar gida kuma ta kowa da kowa ce, a nan ake girki, a nan ake wanki, a nan yara suke wasa. Duk da wannan ƙunci, mutum yana da lokacin da hannunsa ba ya riƙe da komai, musamman bayan kaka idan an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, ko da hantsi bayan yara sun tafi lakwal, ko tsakanin la'asar da almuru. Wannan darasi zai nuna yadda za a zaɓi aikin hannu na sha'awa wanda zai cike irin wannan lokaci, ba tare da ya ci kuɗin cefane ko ya tare wa mutanen gida hanya ba.

Abin da za a duba kafin a zaɓa

Ma'auni na farko mai sauƙi ne: idan kayan aikin gaba ɗaya ba za su shiga cikin kwano ɗaya mai murfi ko ƙaramar jaka da za a rataya a ƙusa ba, to aikin ya fi ƙarfin ɗakin. Na biyu, a dubi ruwa da wuta. Kowa a garin nan ya san yadda ruwa yake wuya idan bazara ta kama, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce kullum, saboda haka aikin da ba zai yiwu ba sai da baho cike da ruwa ko da inji ba shi ne na mai farawa ba. Wannan dalili ne ya sa ba mu ba da shawarar ginin tukwane, duk da kyawun sana'ar da kuma sunan da Mirriya, mai tazarar kimanin kilomita 18 daga Damagaram, ta yi a kanta, domin yana bukatar yumɓu, da wurin shanya, da filin gashi. Rini ma haka yake. Na uku, a zaɓi aikin da ake iya ajiyewa nan take idan yaro ya yi kuka ko an yi sallama a zaure, sannan a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da wani abu ya lalace ba.

Saƙar faifai

A ganinmu babu aikin da ya cika waɗannan sharuɗɗa kamar saƙar faifai, kuma shi ya sa za mu daɗe a kansa. Kayansa su ne kaba, wato ganyen ƙaramar goriba, da busasshiyar ciyawa mai tsawo wadda za ta zama cikin faifan, da basilla, da ƴar ƙaramar wuƙa, sai galura idan ana son launi. Duka ana samunsu a Kasuwar Dole, kuma ranar Alhamis, da yake ita ce babbar ranar kasuwa, mutanen ƙauye sukan shigo da kaba da yawa har mai saye ya sami zaɓi.

Da farko ana jiƙa kabar a ɗan ruwa kaɗan har ta yi laushi, sannan a tsaga ta siri-siri da wuƙa, a yi ƙoƙari faɗin kowane zare ya zo daidai da na ɗan'uwansa. Sai a ɗauki ciyawa wadda kaurinta bai kai na ƙaramin yatsa ba, a naɗe bakinta da zaren kaba sosai, a lanƙwasa ta ta zama ɗan ƙaramin zobe. Wannan shi ne cibiyar faifai, kuma shi ne wuri mafi wuya, domin ciyawar takan ƙi lanƙwasuwa ko ta karye, don haka kada mai koyo ya ji kunyar roƙon wadda ta iya ta kafa masa cibiyar farko. Daga nan aikin maimaici ne: a kwantar da ciyawar a jikin zoben da ya gabata, a huda gefen zoben da basilla, a zura zaren kaba ta hudar, a zagayo da shi kan ciyawar, a ja, sannan a sake hudawa dab da hudar baya. Idan ciyawar ta fara sirancewa, sai a cusa sabbin silla biyu ko uku a tsakiyarta, kada a jira ta ƙare gaba ɗaya a sa sabon dami, domin wurin haɗin zai yi ƙulli ya ɓata shimfiɗar faifan.

Kusan kowane mai koyo yakan ga faifansa na farko ya fara tashi ta gefe yana komawa kamar akushi. Abin da ke jawo haka shi ne jan zare da ƙarfi fiye da kima, ko ɗora sabon zobe a bisa tsohon maimakon a gefensa. Maganinsa shi ne a riƙa kifa aikin a kan cinya ko a tabarma bayan kowane zagaye, a danna da tafin hannu a ga ko ya kwanta. Idan an zo canja launi, a tura wutsiyar tsohon zaren cikin ciyawa, sabon zaren ya rufe ta. Ado kuma da ƙirga ake fitar da shi: idan aka yi ɗinki 5 da ja, aka yi 10 da fari, aka maimaita haka har zagaye ya cika, sannan a zagaye na gaba aka ƙara ɗaya a kan jan, sannu a hankali za a ga siffa mai kusurwa uku tana fitowa.

Akwai abubuwa biyu da yanayin garinmu ya sa dole a kula da su. Da hunturu iska tana busar da kaba har ta riƙa tsinkewa a hannu, saboda haka a nannaɗe wadda aka tsaga a cikin ɗanyen tsumma. Da damina kuma a rataye kayan a sama saboda gara da laima. Tukunya ko gwangwanin da aka dafa galura a ciki kada a sake sa abinci a cikinsa.

Ɗinkin hula

Wannan aiki ya fi kowanne ƙarancin kaya, domin allura ce da zare mai launi da ƙyallen farin yadi, kuma mutum yana iya sa shi a aljihu ya fito da shi a majalisa, ko a bakin shago lokacin da babu ciniki. Maza suna yinsa, mata ma suna yinsa a cikin gida. Ana auna kewayen kai da ma'aunin tela, wanda a wurin yawancin manya yakan faɗa tsakanin santimita 54 da 60, sannan a yanka jikin hular mai tsawo da kuma samanta mai da'ira, a zana ado da bik, a bi zanen da ɗinki. Wanda bai iya zane ba tukuna yana iya sayen ƙyalle da aka riga aka zana. Bayan an gama a haɗa, sai a kai wa masu wankin hula su wanke, su sa mata sitaci, su ɗora ta a kan gungumen icce har ta bushe ta tsaya.

Sai dai a sani cewa hula mai cikakken ado tana cin makonni, wani lokaci watanni, kuma tana cin ido. Mai gaggawar ganin sakamako ba zai ji daɗinta ba. Shawararmu ita ce a fara da hular yaro mai ado a baki kawai, a yi aikin da hasken rana a inuwa mai haske, kada a yi shi da fitilar hannu da dare. Wanda ya lura sai ya nisantar da allura daga fuskarsa kafin ya ga kafarta, ya je a auna masa ido, domin sau da yawa tabarau mai sauƙin kuɗi yana warware matsalar.

Gutsattsarin fata, leda da takarda

Damagaram ta daɗe da suna a aikin fata. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, ayarin fatake masu bi ta Agadas zuwa Tarabulus suna ɗaukar jemammiyar fata daga nan, kuma har yau majema suna jima da bagaruwa, dukawa suna ɗinka jakunkuna da takalma da matasai. Abin da ya shafi mai koyo a nan shi ne gutsattsarin da ke zuba a gaban baduku bayan ya yi yanka, waɗanda yakan sayar da arha. Da su ake iya ɗinka maratayin makulli, ko kuben ƙaramar wuƙa, ko ɗan alabe na zuba canji. Fata tana da wari a ɗaki mai ƙunci, a yi la'akari da wannan idan akwai mai ciki ko mai ciwon ƙirji a gidan.

Ledar da iska ke kwasa tana liƙawa a itatuwa ita ma kayan aiki ce idan aka wanke ta aka yanka siri-siri aka saƙa da kwarashi, ana samun jaka. Wanda kuma ba shi da ko dala a hannu, fensir da takarda sun ishe shi: ya zagaya Birni ya dubi adon da magina suka fitar a fuskar zaure da bangon fada, ya kwaikwayi dagi da sauran zane-zane a littafinsa. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin hannun da ya saba da jan layi madaidaici yakan fi sauƙin rubuta haruffa, kuma zanen da aka tara yana da amfani ranar da za a fara hula.

Neman mai koyarwa

Ba a koyon waɗannan ayyuka daga takarda kaɗai, sai an zauna kusa da wanda ya iya. A kusan kowace unguwa akwai dattijuwa mai saƙa ko dattijo mai ɗinki. A je da ladabi, a gaisa sosai, sannan a ce, misali: "Iya, sannu da aiki. Ina sha'awar saƙar nan taki, in kin yarda zan riƙa zuwa ina zama kusa da ke ina gani." A tafi da kayan aikin kai, kada a ɗora mata nauyi, kuma ɗan goro ko alkaki da za a riƙe mata lokaci-lokaci yana da daraja. Ga baduku ko maɗinki kuma, a zaɓi lokacin da ba ya cikin ciniki.

Kuɗi da lissafi

Kada a ci bashi don fara aikin sha'awa, kuma kada a yi saurin kai shi kasuwa. Wanda ya fara da tunanin riba tun ranar farko yakan karaya idan aka taya faifansa da abin da bai kai kuɗin kaba ba. A bar na farko da na biyu su rufe ƙwaryar fura a gida, idan hannu ya faɗa, masu saye da kansu za su tambaya, musamman masu haɗa kayan ɗakin amarya.

Duk da haka, a rubuta kowace dala da aka kashe. Ga misali don koyon lissafi, farashin gaskiya kuma sai a tambaya a kasuwa. A ce wata ta ware jika ɗaya, wato dala 200 ko sefa 1000. Ta sayi kaba ta dala 40, basilla ta dala 20, galura launi biyu ta dala 60. Jimlar abin da ta kashe dala 120 ke nan, wato sefa 600, saura dala 80 a hannunta. Basilla ba za a sake saye ba, galura kuma za ta yi faifai fiye da ɗaya, saboda haka kuɗin faifai na biyu zai yi ƙasa da na farko.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya ja layi ya raba shafin littafinsa gida uku, ya rubuta sunan kaya a gida na farko, farashi da dala a na biyu, farashi da sefa a na uku. Kafin zama mai zuwa ya je kasuwa ya tambayi kuɗin kayan aikin da ya zaɓa a wurin mutum biyu dabam-dabam, ya rubuta duka biyun, ya haɗa jimla, sannan ya zo da littafin aji tare da zane guda ɗaya da ya kwaikwaya daga bangon wani gida a unguwarsu.