Yadda za ka kunna rediyon mota a gareji da wutar gida ba tare da ka ƙona ta ba

Sati biyu da sunka wuce wani yaro ya kawo min rediyon mota cikin leda wai in duba mishi ta daina kamawa. Ina kwance ledar warin ƙuna ya tarbe ni. Ashe fulogi ya ɗaura ma wayoyin ya soka a soket ɗin bango kai tsaye. Na ce ƙanena, wagga kam sai 'yan gwangwan. Rediyon mota bolt 12 take ci, irin wutar batir mai fositif da negatif, wutar gida kuwa bolt 230 ce, to ka ga dole a samu abin da zai shiga tsakani ya sauke ta. Wanga abu shi ne duk aikin, sauran ɗaure-ɗauren waya ne kawai.

Abu biyu mutane ke amfani da su. Akwai fawa saflai na tsohuwar kwamfutar tebur, wanda za ka samu wurin masu gyaran kwamfuta da arha don galibi jibge su suke yi. Akwai kuma mai kejin ƙarfe da ake sa ma kyamarar tsaro da fitilun LED, an rubuta mai 12V 10A ko 20A ko 30A, A ɗin nan amfiya ce, wato yawan wutar da zai iya bayarwa. Ni dai mai kejin na fi so, don yana da ɗan sukuru da za ka murɗa ka ɗaga wutar ta haura 13, kusa da abin da rediyon ta saba samu in injin mota na aiki. Cajar batir ita kaɗai kuwa kar ka soma, wutarta ba tatacciya ba ce, ƙugi za ka yi ta ji a sifika kamar ƙudan zuma.

In na kwamfuta ka samu, fara duba bayanshi. Wasu 'yan kwatano suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, in yana kan 115 ka soka a soket, fas za ka ji shi ke nan. Mai da shi 230. Sannan a babban kan wayoyin nan nemi koriyar waya, guda ɗaya ce tal, ka haɗa ta da kowace baƙa, sai fanka ta fara juyawa. Kar ka buɗe cikinshi, akwai kafasito da ke riƙe wuta ko bayan an cire fulogi.

To ga inda kusan kowa ke faɗawa. A fawa saflai na kwamfuta jar waya bolt 5 ce, rawaya ita ce 12. A bayan rediyo kuwa ja da rawaya duka 12 suke so, rawayar ita ke zuwa batir kai tsaye tana riƙe agogo da tashoshin da ka adana, jar kuma ita ce ta makulli. Sai mutum ya ga ja da ja ya ce ai kala ta hau kala, ya haɗa, rediyo ta yi gum, ya fara zagin wanda ya sayar mai. A'a malam. Ja da rawayar rediyo murɗe su wuri ɗaya ka kai su kan rawayar fawa saflai, baƙa ta tafi ga baƙa, jar kwamfuta ka naɗe ta da salatif ka manta da ita. Kuma kafin ka haɗa komai ka sa mitar auna bolt ka gani da idonka, don tsofaffin rediyoyi da anka sha yanke ma waya ba a yarda da kalarsu.

Rediyo ita kaɗai da sifika biyu ko huɗu ba ta da ci, fis ɗinta galibi 10A ne, saflai mai 10A zuwa 15A ya ishe ta. Matsalar tana farawa ranar da ka ce sai ka ƙara ampilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da wufa, wato babbar sifikar nan mai bugun dum-dum, kuma nan ne ni kaina na sha kashi. Na samu ampilifaya an rubuta 1000W ɓaro-ɓaro a jikinta, na haɗa da saflai ɗin kwamfuta mai 15A a layin 12, a ƙaramar murya lafiya lau, ina ɗan ƙara murya ganga ta buga dum sai komai ya mutu ɗif. In cire fulogi in mayar, ya tashi, ganga ta sake bugawa ya sake mutuwa. Kwana uku ina zargin ampilifaya, har na kai ma wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu. Bai ko buɗe ta ba, juya ta kawai ya yi ya nuna min fis biyu da ke gefe, ko wane 20A, ya ce yaro lissafa. 40A ke nan. Ni kuma 15 nike ba ta, saflai ɗin yana jin an ja fiye da ƙarfinshi sai ya kashe kanshi don kar ya ƙone.

Don haka ka bar duba wat ɗin da anka rubuta da manyan baƙaƙe, talla ce. Fis za ka duba, ka tara su, abin da ya ba ka shi ne iyakar abin da ampilifayar za ta iya ja. Kuma in za ka sayi mai keji ka sayi wanda ya ɗara buƙatarka, don masu arhar nan in sun ce 30A kar ka ɗora musu 30 cif, balle a zafin Sakkwato watan Maris da Afrilu da ake haura digiri 40, cikin gareji mai rufin kwano kuwa ba a magana.

Abin da na koma yi daga baya, kuma shi nike ba kowa shawara in dai akwai wufa, batirin mota na ajiye a tsakani. Ampilifaya da rediyo suna sha daga batir, caja mai yanke kanta in batir ya cika tana ciyar da shi daga bango. Duk bugun da ganga za ta yi batir ya shanye shi, kuma in anka ɗauke wuta kiɗa bai tsayawa, tashoshinka ma ba su gogewa, wanda da saflai zalla duk ɗaukewar wuta sai ka sake saita agogo. Ba sai sabon batir ba, wanda ya gaza tada mota da sanyin safiya galibi yana iya wanga aiki. Amma ka sa fis a wayar fositif dab da kan batir, kar ya wuce taku ɗaya, don in waya ta goge ta taɓa ƙarfe batir bai san wasa ba, jajir za ta yi. Wayar ma mai kauri, kamar 10mm² in ampilifaya ce mai 40A, ba siririyar wayar fitila ba. Kuma batir na fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, a bar taga buɗe, kar a ajiye shi kusa da jarkar fetur ɗin janareto.

Sauran ba wuya. Shuɗiyar waya mai farin layi daga rediyo ta tafi inda anka rubuta REM a ampilifaya, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Wayoyin sifika kar ɗaya ta taɓa baƙar negatif ko jikin ƙarfe. Eriya kuwa guntun waya kamar santimita 75 ka soka a tsakiyar ramin eriya da ke bayan rediyo ka rataye a ƙusa, za ta kamo maka Rima Radio garau. Mai kejin nan sukurorin L da N ɗinshi a waje suke, wutar 230 ce tsirara, ka kai mishi waya ta uku ta ƙasa, ka sa shi a akwatin katako mai ramukan shan iska ka kafe shi sama inda hannun yara bai kai ba. Lokacin hunturu kuma duk sati biyu ka cire fulogi ka hure ƙurar da ta taru a fankar.