Yadda na gyara kwamfutata da ta daina sauri

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta shekara 7 a hannuna, kuma a 'yan watannin nan sai in kunna ta, in je in yi alwala in dawo, ba ta gama buɗewa ba. Wani mai shago da na kai wa ita, ko murfinta bai ɗaga ba ya ce, "Malam, ta tsufa, ka sayi sabuwa kawai." Maganar ta dame ni ƙwarai, domin kasuwar na'urori ta saba mana da zubar da abin da yake da sauran amfani.

Da na buɗe Task Manager, wato manhajar Windows da take nuna yawan aikin da kowane sashe na kwamfuta yake yi, sai na ga faifan ajiya yana aiki kashi 100 cikin 100 alhali sauran sassan suna hutawa. Faifan tsohon yayi ne mai juyawa sau 5400 a minti, wanda da ƙyar yake karanta megabait 100 a daƙiƙa. Na sayi sabon nau'in faifan ajiya da ake kira SSD mai gigabait 256, wanda babu abin da yake motsi a cikinsa kuma yana kaiwa wajen megabait 500, na kwafe takarduna da hotuna a gefe, sannan na cire batir, na kwance sukurori, na musanya faifan, na sake ɗora Windows.

Wajen musanya faifan ne na tarar ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, na share ta da burushi mai laushi. Yanzu kwamfutar tana buɗewa cikin daƙiƙa 20, tsohon faifan kuwa na saka shi a ɗan akwati mai USB ina adana kwafin aikina a ciki.