Intalok a tsakar gida da katangar tare ƙasa: kurakuran da ke bayyana a daminar farko

Da damina ta ɗauke, tifofin yashi sun fara shiga unguwa, sai masu gida su tashi raba tsakar gidansu da taɓo. A shimfiɗa intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa, ko a yi daɓen siminti, in kuma filin na da gangare irin na Jos, Mpape ko wasu unguwannin Gombe, a ja katangar da za ta tare ƙasa. Yawanci lissafi ɗaya ake yi wa ayyukan biyu, a danƙa wa birkila ɗaya, ko mai gida ya tara ƙannensa da lebura biyu su yi da kansu. Alhali ba ɗaya ba ne. Intalok in ya lotsa, ɗagawa ake yi a sake jerawa. Katangar tare ƙasa kuwa in ta gaji, kan mutane take faɗowa.

A wajen shimfiɗa, kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba kuɗi a kan abin da ido ke gani. Mutum zai yini yana zaɓen launi da zanen intalok, amma ƙasar da za a ɗora shi a kai sai a share ta da shebur kawai, a watsa yashi, a fara jeri. Baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye dole a kwashe ta gaba ɗaya. Sai a zuba burji ko tsakuwa kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a daɓe. In cikon ya fi haka zurfi, hawa-hawa ake yi, kowane hawa a daɓe shi kafin a ƙara wani, don injin daɓe ba ya kai ƙarfinsa ƙasan tulin da aka juye lokaci guda. Yashin da ke ƙarƙashin intalok ɗin bai kamata ya wuce santimita 3 zuwa 5 ba. Masu cike rami da yashi don a gama da wuri su ne za ka ga sawun tayar mota ya kwanta a tsakar gidansu kafin shekara. Intalok mai kaurin santimita 6 ya ishi ƙafa da ƙaramar mota. Inda tankar ruwa za ta shiga, a nemi mai 8.

Sai gangare. Birkila kan yi alfahari cewa ya fitar da daɓe daidai wa daida, ko ƙwallo aka ajiye ba za ta gangara ba. To ruwa ma ba zai gangara ba. Ana son ƙasa ta sauka kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta nufi kwata, ta ba ɗakuna baya. Siririn tiyo mai ruwa a ciki da igiya da turaku sun isa a auna wannan. A kuma bar saman daɓen tsakar gida ya zama ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15. Gidajen da fentinsu ke ɓarewa daga ƙasa, bango ya yi jirwaye har gwiwa, sau da yawa tsakar gidan aka cike har ta kai bakin ƙofa. Gefen shimfiɗar ma a ɗaure shi da kankare, in ba haka ba jerin ƙarshe zai fara buɗewa, yashin tsakani ya zurare, tururuwa ta ƙarasa sauran. Darbejiya ko mangwaro in suna kusa, a bar musu fili, saiwarsu ba ta jin kunyar siminti.

Duk wannan mai gida mai haƙuri zai iya yi da hannunsa, ya yi hayar injin daɓe na yini ɗaya.

Katanga ce ke son a zauna a yi magana. Babban kuskure shi ne a gina ta kamar katangar zagaye gida: bulo inci shida ko tara, fila nan da can, a yi filasta, a cika bayanta da ƙasa. Katangar gida nauyin kanta kawai take ɗauka, sai iska. Wannan kuwa dare da rana ƙasa na tura ta daga gefe, kuma turin ba ya ƙaruwa daidai da tsayi. In ka ninka tsayin, ƙarfin turin ya ninka sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da ita daga gindi kuma sau takwas. Shi ya sa birkilan da ya yi mai tsayin gwiwa ta zauna lafiya shekara da shekaru zai rantse maka cewa mai tsayin mutum ma haka ake yi, "ƙarin layi ne kawai, Alhaji". Gaskiyarsa yake faɗa iyakar abin da ya gani, amma lissafin ba haka yake ba.

Ruwa ne ke ƙarasa aikin. In ƙasar bayan katanga ta sha ruwan Agusta ta ƙoshi, babu mafita, turin kan ninka ko ya fi. Maganin ba shi da tsada, shi ya sa ƙin yinsa ke ba da haushi: a bar kamar santimita 30 a bayan katangar a cika da tsakuwa zalla daga gindi zuwa kusa da sama, a sa guntayen bututun roba mai faɗin inci biyu ko uku a layin ƙasa, kowace mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, su huda katangar su fito gaba. Wasu masu gida da kansu suke sa a toshe ramukan da siminti wai suna ɓata fenti, ko don gudun maciji. Raga ake sa wa bakin bututun, ba siminti ba. Kada kuma indararo ko ruwan wanki ya riƙa zuba a bayan katangar, kada a mai da ƙasar laka da aka haƙo a matsayin ciko. A wajejen Numan da sassan Borno da Gombe akwai baƙar laka mai kumbura in ta jiƙe, ta tsattsage da rani. Ita kaɗai ta isa ta karkatar da gini.

Harsashin ya zama faffaɗa, ya shiga ƙarƙashin ƙasar da ake tarewa don nauyinta ya danne shi, rodi ya taso daga cikinsa ya bi ramukan bulo inci tara, a cika ramukan da kankare. Kwaɓin da aka saba, 1:2:4, yana nufin buhun siminti mai kilo 50, wanda shi kansa kwano biyu ne, ya ɗauki kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Tsaya ka ƙirga kwanukan da idonka. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu da iska ke busar da shi kafin ya kama, kuma kada a yi gaggawar ciko: sai kwana 28 kankare ke kai ƙarfin da aka lissafa masa.

To yaushe za a fita daga hannun birkila? In tsayin ya haura mita ɗaya, ko akwai ɗaki, sokawe ko wurin ajiye mota a samanta, ko gidan maƙwabci ne a ƙasanta, a nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zana, a kuma tuntuɓi hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, kan izini. Katangar da ta riga ta yi ciki, ko ta tsage a kwance, ko ta fara sunkuyowa, filasta ba ta warkar da ita. A hana yara wasa a gindinta, a rage ƙasar bayanta, a kira wanda ya sani.

Ba wa ɗan kwangila aikin ma ba ya nufin ka naɗe hannu. Ana yawan ba da jinga da baki, a biya kafin alƙalami mai tsoka, a zaɓi wanda ya fi kowa araha ba tare da an tambayi abin da ya cire ba. Kusan kullum abin da ƙasa za ta rufe ne yake cirewa: tsakuwar baya, kaurin burji, yawan rodi. A rubuta zurfin harsashi, girman rodi da tazararsa, kwaɓi da adadin bututu, kowa ya sa hannu gaban shaida. A raba biya kashi-kashi, ka je ka ga rodin ka ɗauki hoto kafin a zuba kankare, ka ga tsakuwar kafin a yi ciko. Ka nemi ya kai ka wata katangar da ya gina wadda ta ci damina biyu ko uku. In ya yarda, ka riƙe wani ɗan kaso na kuɗin har ruwan Agusta ya wuce, a rubuta shi tun farko cikin takardar.